Da Wa Ya Yi? Tambayar da Na-Jahun Ya Bar Mana

Shekara tara ke nan, da wannan kakar, da rasuwar maigidana. Sunansa na yanka ba ya fita a bakina, a takarda ma hannuna ba zai iya ba, amma duk wanda ya daɗe yana sayen nama a kasuwar Dutse ya san Na-Jahun: gajere, mai faɗin kafaɗa, kunnensa na hagu a murɗe. Mahauci ne ɗan mahauci, kuma a ƙuruciyarsa ya yi dambe har sai da jiki ya ce ya isa. Duk shekarun nan addu'ata nake yi masa a ɗaki, ban taɓa kai maganarsa jarida ba. Bana ne ɗanmu Abba ya zo ya yi mini wata tambaya a kan babansa, na ba shi amsa, amsar ta kai shi gadon asibiti. Shi ya sa na kasa yin shiru.

Ni dai ban taɓa taka filin dambe ba. Duk abin da na sani a kansa ta bangon zaure na ji shi, domin madafina a jikin zauren yake, kuma mazan gidan nan ba su iya magana a hankali ba. Bayan ya ajiye zare, wato igiyar da 'yan dambe ke naɗewa a hannu, sai ya sayi talabijin da na'urar faifai ya kafa a zaure. In an yi la'asar, aka yi sa'a akwai wuta, sai amininsa Malam Idi Tela ya rufe shago ya taho. Damben boksin suke kallo, na ƙasashen waje, mai safar hannu. Sunayen 'yan damben sun gagare su faɗa, sai suka raɗa musu nasu. Ina tuƙa tuwo ina jin su, har na kai in aka kunna faifai ina gane wanda aka sa tun daga ihun 'yan kallo.

A can, kamar yadda na fahimta, sai an ɗora mutum a sikeli kafin ya yi dambe, kowa da ajinsa gwargwadon nauyinsa. In gwani ya gama da ajinsa ya karɓi kambu, sai ya ƙara jiki ya hau aji na gaba ya nemi nasu. Irin waɗannan masu hawa aji bayan aji su ne abin gardama a zaurenmu, musamman mutum biyu. Ɗaya ɗan siriri ne da ya faro daga can ƙasa yana ta hawa, mai kai duka ta ko'ina, shi suka sa wa Zanzaro. Ɗayan kuma ba a iya kama shi, in aka kai masa duka sai ya zille, shi ne Tarwaɗa. Malam Idi mai goyon bayan Tarwaɗa ne. Hujjarsa ɗaya ce kullum: ba a taɓa cin mutumin nan ba, ga kambuna nan birjik, me kuma ake nema? Maigidana kuwa sai ya bari ya gama tsaf, sannan ya ce, “Na ji. Da wa ya yi?”

Wannan tambayar ita ce sikelinsa. Kuma ko an faɗa masa sunan wani babba ba ya ƙyalewa, sai ya ƙara da, “Yaushe?” Yakan ce wa Malam Idi, bijimin da ka gani a garken Buji da kaka, in ka koma masa ƙarshen bazara sunansa bai sake ba, ƙahonsa bai ragu ba, amma naman ya tafi. Wanda ya saye shi a lokacin ya zo yana cika baki ya sayi bijimin wane, yara zai ruɗa, mahauci sai dai ya yi dariya. A ganinsa Tarwaɗa mai jiran bazara ne. Yana haƙuri har gwani ya tsufa, ko ya sha wuya a hannun wani, sannan ya kira shi. Wani kuma a jawo shi daga ƙaramin aji a sa ya cika ciki da abinci a ce ya yi nauyi. Wani a sa shi ya matse jikinsa, ya bar ruwa ya bar ci don ya sauko, ya shigo fage ƙafafunsa na rawa. Haka maigidana yake bin abokan karawar Tarwaɗa ɗaya bayan ɗaya yadda yake fiɗa: ya cire ƙashi, ya cire kitse, abin da ya rage shi yake aunawa.

Ba na cewa son kai bai taɓa shiga ba, amma Zanzaron da yake goyon baya ma bai tsira daga wuƙarsa ba. Na ji shi da kunnena yana cire masa mutum biyu, ya ce wancan an matse shi, wancan kuma ya riga ya ƙare tun kafin su haɗu. Sai dai abin da ya rage wa Zanzaro, in ji shi, ya fi nauyi nesa ba kusa ba, domin ya tari manya suna tsakiyar ƙarfinsu, kuma faɗuwar da ya yi a hannunsu ta fi nasarar wani daraja. Wata rana Malam Idi ya ƙule ya ce, “Kai dai ba ka son mutum sai an farfasa masa fuska ya yi kama da kai!” Maigidana ya ce, “Tela, kai da allura ce kaɗai ta taɓa fitar maka da jini, yi shiru manya na magana.” Na yi dariya har na ƙona miya. Sun yi shekara da shekaru a kan wannan, ba wanda ya matsa ko taku ɗaya.

Daga baya na gane maigidana kansa yake aunawa. A dambenmu na gargajiya na lokacinsu babu sikeli, babu takarda. Makaɗa na kiɗa, jama'a sun kewaye, sai ɗan dambe ya tsallaka fili ya je gaban wanda yake so ya miƙa masa hannu. In ya ga dama ya amsa, in ya ga dama ya ƙi, amma kowa ya ga wanda ka zaɓa, kuma da shi za a tuna ka. Na-Jahun bai taɓa miƙa hannu ga wanda bai fi shi jiki ba. Daga Jahun zuwa Buji zuwa Kiyawa, tsofaffi sun shaida haka. Saboda haka faɗuwarsa ta fi kisansa yawa, wato kai abokin karawa ƙasa, kuma bai ɓoye ba. Wasu in sun tsufa waɗanda suka buge suke lissafawa. Shi kuwa waɗanda suka buge shi yake jerawa, da garin da aka yi, da irin hannun da ya same shi, yana murmushi kamar mai ba da labarin aikin hajji.

Abin da 'yan zaure ba su gani ba, ni na gani. Harshensa ne ya fara nauyi, kuma ni na riga kowa ji, tun yana kiran yara sunan yana maƙalewa a tsakiya. Sai hannu ya soma rawa. Mutumin da yake yanka tsoka daidai ba tare da ya duba ba, ya koma yana yi wa mai saye yankan karkace, har ranar da ya miƙa wa Abba wuƙar ya dawo gida da rana tsaka ya zauna. Wata Juma'a ya fita masallaci, sai ga mai adaidaita sahu ya kawo shi, ya ce ya tsince shi a hanyar Kiyawa yana tambayar gidan mahaifinsa da ya rasu tun kafin a aure ni. Da muka je asibiti likita bai daɗe yana dubawa ba ya tambaya ko ya sha duka a ka. Shekara biyun ƙarshe ni nake ba shi abinci a baki, ni nake yi masa wanka. Yakan dube ni da ladabi ya ce, “Baiwar Allah, in matar gidan ta dawo ki ce ina nemanta.” Amma in Malam Idi ya zo dubiya ya ambaci Tarwaɗa, sai ka ga ya ɗaga ɗan yatsa yana kokawa da baki, “Da… da wa?” Da wata safiya bayan an gama yankan gero Allah ya karɓi abinsa.

Yau dambenmu ya sake kama. An kawo sikeli, an raba aji, an ɗaure fili da igiya kamar na faifan nan, ana ba da kambu mai walƙiya, ana ɗauka ana watsawa a waya. Masu shiryawa ne ke haɗa wane da wane tun kafin ranar. Nakan zauna in ce, da yana nan me zai ce? Ina jin likitan da ake ajiyewa a gefe zai burge shi, ko da ba zai faɗa ba. Sikelin kuwa zai ce an mai da maza buhun gyaɗa. Abin da na tabbata zai ƙona masa rai shi ne ɗauke wa ɗan dambe tsallaka filin nan, domin yanzu in aka ba mutum mai sauƙi sai ya ce ba shi ya zaɓa ba.

A cikin wannan sabon damben Abba ya tashi. Magidanci ne yanzu, yana riƙe da teburin babansa a kasuwa, yana da mata, Rabi, da 'ya'ya mata biyu. Jikin babansa ya ɗauko, gajere ne. Ya ci kambun marasa nauyi, ya ƙara jiki ya hau na matsakaita, nan ma ya ci, kuma ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Maƙwabta kan shigo da waya su ce, “Inna, ga ɗanki!” Sai in kau da kai. To amma kasuwa ba ta da rufi. Magana ta fara yawo cewa masu shiryawa lallaɓa shi suke yi don ya daɗe yana jawo 'yan kallo. Ana cikin haka wani ƙato bahago daga ajin masu nauyi, wanda yake kan ganiyarsa, ya kira sunan Abba a gaban jama'a. A dokar yanzu babu abin da ya wajabta masa amsawa, tunda ba ajinsu ɗaya ba. Masu shiryawar ma ba su so ba.

Wata Juma'a bayan an sauko ya shigo, ya zauna a tabarma a ƙofar ɗakina, ya ajiye kambunan nan biyu a gabana. Ya ce, “Inna, ke kika fi kowa jin maganar Baba. Don Allah ki faɗa mini tsakaninki da Allah, da yana nan me zai ce a kan waɗannan?” Na dubi fuskarsa na ga ya rame. Na ce masa ina da tukunya a wuta, ya dawo jibi.

Washegari na aika aka kira mini Malam Idi. Ya tsufa, ido ya hana shi ɗinki, amma bai daina zuwa gaishe mu ba. Ya zauna a zaure, ni ina daga bakin ƙofa, na kwashe duka na faɗa masa. Sai ya ce, “Maman Abba, ke kin ɗauka Tarwaɗan nan nake so? Mutum mai faɗin rai, ko a faifai ba ya yi mini daɗin gani. Amma ya gama dambensa ya tafi gida da hankalinsa. So nake aminina ya yarda, ko sau ɗaya, cewa wanda ya koma wa iyalinsa lafiya shi ma ya ci wani abu, don kada ya ɗora yaron nan a kan turbarsa. Har ya mutu bai ba ni wannan ba.” Ya share ido da bakin rawani ya ce, “Ki ce masa babansa zai ce ya isa, ya yi ƙoƙari. In akwai zunubi a ciki mu raba.”

Na kwana da maganar nan a raina. Na shirya ta, na maimaita ta ina shara. Amma da Abba ya dawo ya zauna, sai bakina ya ƙi. Ban taɓa yi wa mutumin nan ƙarya yana raye ba, na kasa ɗora masa ita yana kabari. Kuma wa zan ruɗa? Abba a zauren nan ya girma, ya san babansa bai taɓa cewa wani ya isa ba. Sai na ji kaina ina bin abokan karawarsa ɗaya bayan ɗaya, domin duk na ji labarinsu a bakin masu shigowa. Na ce na farkon nan sabon shiga ne, Baba zai cire shi. Wanda ka karɓi kambun farko a hannunsa ya girme ka da nisa, bazararsa ta riga ta yi. Na kambu na biyu daga jinya ya taso. Na ce, “Mutum ɗaya zai bar maka, ɗan Birnin Kudun nan da kuka yi turmi uku babu kisa.” Abba bai yi musu ba. Ya gyaɗa kai ya ce, “Haka na lissafa nima.”

Sai na ce masa, wannan bakin babanka ne, yanzu ka ji nawa. Na faɗa masa abubuwan da na ɓoye wa 'ya'yana a lokacin jinya, har waɗanda ba zan iya sa wa a jarida ba. Ya saurara kansa a ƙasa. Na ce ina roƙonsa ya bar ƙaton nan. Roƙo na yi, ban hana ba, kuma a nan kuskurena yake. Da na ce na hana, da ya hanu, domin Abba bai taɓa ƙetare maganata ba. Amma na riga na gaya masa kambunansa ba su da nauyi, sai na ji nauyin in kuma ɗaure masa hannu in bar shi da su haka har tsufansa. Ya tashi ya ce, “Inna, ki sa mini albarka.” Na sa masa.

An yi damben a Kano bayan Babbar Sallah. Ban kalla ba, ban bari an kunna waya a gidana ba. An ce a turmin farko Abba ya ba mutane mamaki, har ya fasa wa ƙaton baki. A turmi na biyu hannun hagun ya same shi a gefen kai, ya faɗi, kuma ya daɗe bai motsa ba. Kwana uku ya yi a asibiti. Da aka kawo shi gida fuskarsa a kumbure, ido ɗaya a rufe, ya kama hannuna yana murmushi ya ce, “Inna, yanzu in an tambaye ni da wa na yi, ina da sunan da zan faɗa.” Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarsa ba, ko ranar da ya ci kambu. A kasuwa kuwa waɗanda suke gulmarsa su ne suka fara zuwa gaisuwa, suna cewa yau Na-Jahun ya haihu.

Har yanzu ciwon kai bai sake shi ba. Hasken rana yana damunsa, sai ya sa an yi masa rumfa mai duhu a kan teburin. Likita ya ce ya huta hutu mai tsawo, amma tuni an fara maganar a sake haɗa su, kuma wannan karon masu shiryawar ne ke so. Rabi yarinya ce mai kunya, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Kwanan baya ta same ni ina tsince wake, ta durƙusa ta taya ni, can ta ce ba tare da ta dube ni ba, “Inna, ke da kika yi jinyar Baba, ke ce kika faɗa masa?” Na sunkuya na ci gaba da tsincewa. Muka gama waken tare.

In na auna abin da ya rage na maigidana bayan shekara tara, ba kaɗan ba ne. Teburinsa yana nan, kuma har yau ba a taɓa kama sikelin gidanmu da tauye wa mai saye ba. Ya bar mana ƙin yabon banza, ya bar mana duba abin da ke bayan suna. Na ji samari suna ta gardamar mutum biyun nan da aka sa wa Zanzaro da Tarwaɗa a zaurenmu, da waɗanda suka biyo bayansu, kuma in suka yi ta ƙirga kambu sai in ji tambayarsa ta taso mini, kuma har yanzu ina ganin gaskiyarsa ce. Kambu a hannun wanda bai tari kowa ba fata ce da ƙarfe. Sai dai a duk awon da ya yi, mutum biyun da ke cikin fili kaɗai yake ɗorawa a sikeli. Bai taɓa tambayar wa ya ɗauki wanda ya faɗi ya kai gida ba, ko wa ya riƙe masa cokali bayan makaɗa sun watse. Ban riƙe shi da wannan ba, haka ya taras, haka ya yi imani, kuma ya biya da jikinsa. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya mayar masa da hankalinsa cikakke a inda yake, ya sa in mun haɗu ya gane ni.

Na san Abba zai sake shigowa kafin a sa ranar karo na biyu, ya zauna ya tambaye ni me Baba zai ce. Na san amsar, kuma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba. Amma ba zan sake ara masa bakina ba. Na gaya wa Rabi ta zo ta zauna kusa da ni ranar, ta ji da kunnenta. Zan ce masa babansa ya gama nasa damben, ni ce uwarsa, kuma na hana.